Yadda Za Ka Gane Ko Ƙaramar Motarka Za Ta Iya Jan Tirelar Kwana

Duk wanda ya taɓa zagaya wurin dillalan motocin Beljiyam ya ga wani ƙarfe mai dunƙulallen kai da ke leƙowa daga ƙarƙashin bambar baya. Da yawa a wurinmu sukan sa a kwance shi ko a yanke, don yana bugun ƙwauri. A can Turai inda motar ta fito kuwa, da wannan ƙugiyar mai motar yake jan ɗakin kwanansa lokacin hutu: ɗaki ne na tafi-da-gidanka a kan tayoyi, da gado da murhun gas, wani ma har da makewayi. Mutanen Ingila da Holan suna ce masa karaban.

Kwanakin baya ƙanena da ke zaune a Ingila ya kira ni, ya ce, "Yaya, na samu karaban ta hannu da araha, kuma motata tana da ƙugiya. Za ta ja?" Na ce masa ja kam za ta ja, ai mutum biyu ma suna tura karaban da hannu a shimfiɗaɗɗen wuri. Abin tambaya shi ne ko za ta iya tsayar da ita a gangara, kuma ko za ta iya riƙe ta a miƙe idan babbar mota ta wuce da iska. A nan ake rasa rai. Abin da na bi da shi daki-daki shi ne na rubuta a nan, kuma zai yi wa wanda ke jan janareto ko kayan sauti a ƙaramar tirela amfani, don lissafin ɗaya ne.

Mataki na farko: tambayi motar kanta

Buɗe ƙofar gaba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet. Za ka ga wani ɗan faranti ko takarda manne, mai ɗauke da lambar shasi. A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, akwai lambobi huɗu a jere ƙarƙashin lambar shasin. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutane da kaya. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Ta uku da ta huɗu su ne abin da tayoyin gaba da na baya za su iya ɗauka.

Ka cire ta farko daga ta biyu. A ɗauka farantin ya ce 2,050 da 3,550. Abin da ya rage kilo 1,500 ne, shi ne kusan iyakar abin da kamfanin ya yarda ta ja. Idan kuwa layi na biyu babu komai a kai, magana ta ƙare: ba a ƙera motar don ja ba, ko da wani ya ɗaura mata ƙugiya.

Daga nan sai littafin mota. Zai ba ka lamba biyu, ta tirela mai birkin kanta da ta marar birki, kuma ta biyun tana ƙasa sosai da ta farko. Akwai lamba ta uku da mutane suke tsallakewa, wato nauyin da aka yarda ya danna kan ƙugiyar daga sama. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne da 100. Ita ma ƙugiyar tana da nata ɗan farantin. Duk inda lambobi suka saɓa, ƙaramar ita ce taka.

Motocin Amurka daban suke. Takardar jikin ƙofa tana nuna GVWR, wato iyakar nauyin motar kaɗai, shi kuwa nauyin ja sai a littafi, kuma da laba suke rubutawa. Ka ninka da 0.45 ka samu kilo: laba 1,500 kusan kilo 680 ke nan. Za ka iya tarar da mota iri ɗaya wadda a Turai aka ba ta fiye da tan ɗaya, a Amurka kuma aka ba ta ƙasa da haka nesa, ko ma littafin ya ce kada a ja komai, kamar yadda yake a wasu Toyota Camry na can. Dalili shi ne a Amurka ana jan tirela da gudu fiye da Turai, kuma tirelolinsu sun fi danna ƙugiya. Kada ka aro lambar Turai ka ɗora wa motar Amurka. Lagireto da sifirin ɗinsu ma ba lalle su zama iri ɗaya ba.

Sannan ka tuna cewa da sabuwar mota aka auna waɗannan lambobin. Motar da ta ci kilomita dubu ɗari biyu da wani abu, ta sha ramuka da zafi, ba za ka kai ta bakin iyaka ba. Tudu ma yana rage ƙarfin inji saboda ƙarancin iska. Littattafan Volkswagen suna cewa idan an haura mita 1,000 sama da teku, a rage kashi 10 cikin 100 na nauyin haɗin a kan kowace ƙarin mita 1,000. Wanda zai hau tsaunukan Siwizalan ya riƙe wannan, haka wanda zai hau Jos ko Mambila.

Mataki na biyu: ainihin nauyin tirelar

Mai sayarwa nauyin tirela babu kaya yake faɗa, don shi ne mai daɗin ji. Kai kuma ba fanko za ka ja ta ba. Nemi farantinta kusa da ƙofa ko a kan ƙarfen gaba. A karaban ɗin Ingila za ka ga MIRO, nauyinta yadda ta fito daga kamfani, da MTPLM, iyakar nauyinta da kaya. Da wannan na biyun ake lissafi.

Tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, sau da yawa kilo 150 ne ko ɗan sama. Kuma kaya suna cinye ta da wuri. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 sun tafi da kilo 50. Batirin tirela ya kai kilo 20. Rumfar da ake kafawa a gefenta da sandunanta, tulun gas, tukwane, buhun shinkafa, barguna, kekunan yara. Kafin ka ankara ka wuce.

Saboda haka ban yarda da ƙiyasi ba. Ka loda ta yadda za ka yi tafiya, ka kai ta sikelin da ake auna manyan motoci, ka biya ɗan abin da za a ce. Tsohuwar tirela musamman, wadda ta bi hannu uku ko huɗu, kowa ya ƙara mata wani abu, wata kuma katakonta ya sha ruwa ya yi nauyi.

Akwai iyaka da ta kamata ka haddace: kilo 750. A Turai duk tirelar da iyakar nauyinta ya wuce haka dole ta kasance da birkin kanta. A Birtaniya marar birki ba za ta wuce kilo 750 ba, kuma ba za ta wuce rabin nauyin motar ba. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ake bi. Motar da nauyinta kilo 1,200 ne, kilo 600 ne iyakarta. Ƙananan tireloli masu gado ɗaya da irin waɗanda ake buɗewa su zama tanti galibi suna kusa da wannan ajin, kuma su ne suka fi dacewa da ƙaramar mota. Karaban ta iyali mai gado huɗu takan kai kilo 1,300 zuwa 1,500, mai tayoyi huɗu kuma ta fi haka.

Mataki na uku: kashi 85

Ko da kamfani ya ce motarka za ta ja kilo 1,500, abin da ya gwada shi ne ko za ta iya tashi da shi a kan tudu. Bai yi maka alkawarin cewa dogon akwati mai faɗin bango zai zauna lafiya a bayanka cikin iska ba. Shi ya sa ƙungiyoyin masu karaban na Birtaniya suka daɗe suna ba da shawara: sabon shiga kada tirelarsa da kayanta ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar babu kaya. Ƙwararre zai iya kai wa daidai da nauyin motar, amma kada ya wuce. Shawara ce, ba doka ba, amma ni ina ɗaukarta kamar doka, don idan tirela ta fi mota nauyi ita ce ke tuƙi.

Mu koma misalinmu. A ce nauyin motar babu kaya kilo 1,500 ne, kashi 85 ya zama 1,275. Karaban mai MTPLM 1,260 ta shiga. Mai 1,450 tana cikin abin da kamfani ya yarda, amma ba ta sabon hannu ba ce.

Mataki na huɗu: nauyin hanci da yadda ake loda kaya

A nan na fi daɗewa da ƙanena, don a nan masu lissafi daidai ma suke faɗawa rami. Tirela kamar sikeli take a kan tayoyinta. Idan kaya suka taru a baya, hancinta ya yi sauƙi, sai ta riƙa ɗaga gindin motar, tayoyin baya su rage kama ƙasa, da an ɗan yi gudu ta fara lilo hagu da dama. Idan kuma suka taru a gaba, gindin motar ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su riƙa haska sama. Motar da tayoyin gaba ke ja sai ka ji tana kartar ƙasa wajen tashi.

A Turai ana so nauyin hanci, wato nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiya, ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta. Tirelolin Amurka an gina su ne a kan kashi 10 zuwa 15. A tirela mai kilo 1,260 ta Turai, kilo 63 zuwa 88 ke nan. Idan littafin motarka ya ce 75, to ka nemi tsakanin 65 da 75.

Aunawa ba ta da wuya, sikelin awon mutum na gida ya isa. Ka ajiye tirelar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa duwatsu ko katako a tayoyinta, ka ɗage ƙafafun kusurwa huɗun da ake tokare ta da su idan an ajiye ta. Ka yanko guntun katako mai ƙarfi yadda idan ya tsaya a kan sikelin, bakin tirelar zai zauna daidai tsayin ƙugiyar motarka. Ka shimfiɗa ɗan allo a kan sikelin don kada ya fashe. Sai ka murɗa ƙaramar tayar gaba, wadda ke tallafe bakin tirelar, a hankali har ta bar ƙasa, nauyin ya koma kan katakon, ka karanta.

Idan ya yi yawa, kada ka ɗauki abu mai nauyi ka kai can ƙarshen baya don ya daidaita. Sikeli zai nuna lamba mai kyau, amma nauyi a gaba da nauyi a baya shi ne ke sa lilo ya ƙi tsayawa idan ya fara. Masu nauyi su zauna a ƙasa, a kan tayoyi ko ɗan gabansu kaɗan, a ɗaure. Matsakaita a ƙasa kusa da su. Akwatunan sama sai tufafi da abin da ba shi da nauyi. Tankin ruwa a zubar, a cika idan an isa.

Wani abu kuma: nauyin hancin nan a kan motarka yake, don haka cikin kayanta ake ƙirga shi. A misalinmu motar tana da sararin kilo 550, wato 2,050 a cire 1,500. Manya huɗu kilo 300, kayan but 120, hancin tirela 75, an kai 495. Saura 55 kacal. Mutum na biyar ya shiga, an wuce iyaka, kuma tayoyin baya ne za su sha.

Mataki na biyar: ƙugiya, birki, wuta, madubi

Ƙugiya ta gaske an ƙera ta ne don wannan samfurin motar, tana ɗaure da notuna a wuraren da kamfani ya tanada a jikin shasi. Wadda mai walda ya haɗa da bututu ya liƙa a bamba ba abin ɗora rayuka ba ce. Ka kwanta ka leƙa: motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi gishirin da ake zuba wa hanya yakan cinye ƙarfen daidai inda ƙugiyar ta kama. Girman kan ƙugiyar ma ya dace da bakin tirelar. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 1 da 7/8, da inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 da milimita 50 sun yi kama a ido, amma ba ɗaya ba ne.

Birkin tirelolin Turai da turi yake aiki. Idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo, bakin ya matse ciki, ya ja sandar birki. Ka tura bakin da hannu. Ya kamata ya yi tauri ya dawo a hankali. Idan ya shige fuu babu turjiya, sai an gyara. Na Amurka da Ostareliya yawanci na lantarki ne, kuma ba sa aiki sai an sa wa motar na'urar sarrafa su kusa da direba. Akwai kuma siririyar wayar ƙarfe da ake maƙalawa a jikin mota, aikinta ta ja birkin tirela idan ta ɓalle. Kada ka motsa babu ita.

Idan bakin tirelar irin na AL-KO ne mai matse kan ƙugiya don hana lilo, kan ƙugiyar ya zama busasshe, babu giris babu fenti. Soket ɗin wuta ko mai baki 7 ne ko mai 13, akwai mahaɗi idan sun saɓa. Madubin gefe kuwa sai ka ƙara masa na ɗaurawa, tunda tirelar ta fi motar faɗi; a Birtaniya rashinsa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Mataki na shida: lafiyar mota da tayoyi

Ja yana fito da duk ciwon da mota ke ɓoyewa. Kai ta wurin bakanike ya duba lagireto da fanka da tiyo, birki gaba da baya da mansa, shoka na baya, da kuloci idan mai giyar hannu ce. Mai giya otomatik zafi ne ke kashe ta: a sauya man giya idan ya yi baƙi, kuma a ƙasa mai zafi a tambaya ko za a ƙara mata abin sanyaya man. Iskar tayoyin baya ka ƙara ta zuwa abin da takardar jikin ƙofa ta nuna don cikakken lodi.

Tayar karaban ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi a tsaye. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta kai shekara biyar ka shirya sauyawa, ta kai bakwai kada ka hau hanya da ita ko da zanenta sabo fil.

Lasisi

Ya danganta da ƙasa. A Ingila da Sikotilan da Wels, tun 16 ga Disamba 2021 mai lasisin ƙaramar mota zai iya jan tirela har kilo 3,500 ba tare da wani gwaji ba. A Tarayyar Turai lasisin B, wato na ƙaramar mota, ya tsaya ne inda mota da tirela a haɗe ba su wuce kilo 3,500 ba, sai dai in tirelar ba ta wuce 750 ba. Sama da haka sai lasisi mai ajin B96 ko BE. Ka sanar da kamfanin inshorarka kafin ka fita.

Ranar tafiya

Ka ɗaga bakin tirela sama da ƙugiya, ka dawo da mota a hankali wani yana yi maka nuni. Sauke bakin har ka ji ya kama. Kada ka gamsu da ƙarar: murɗa ƙaramar tayar gaba kamar za ka ɗaga tirelar, idan gindin mota ya biyo ta sama, ta kama. Sai ka ɗage tayar gaba ɗaya ka ɗaure, ka maƙala wayar birki, ka sa soket, ka ɗage ƙafafun kusurwa, ka rufe gas da tagogi, ka saki birkin hannun tirela. Wani ya tsaya a baya ka gwada sigina da fitilar birki. Babu mai zama cikin tirela tana tafiya, ko babba ko yaro.

Kafin doguwar tafiya ka sami fili babu kowa ka koyi ribas. Sa hannu a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannunka nan gindin tirelar zai nufa. Kaɗan-kaɗan. Idan ta fara lanƙwashewa, ja gaba ka miƙe ka sake.

A hanya, iyakar gudu a Birtaniya mil 60 ne a manyan tagwayen hanyoyi, kusan kilomita 96, da mil 50 a hanya ɗaya da masu zuwa da masu dawowa ke bi, kusan kilomita 80. A Jamus kilomita 80 ne, sai mai izini na musamman ya kai 100. A hanya mai ramuka ko 80 ɗin ya yi yawa. Bar tazara ninki biyu na yadda ka saba. A kwana da shataletale ka buɗe, don tayoyin tirela suna yanke kwana. A gangara ka rage gudu tun daga sama, ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe. Birkin da aka taka tun daga sama har ƙasa yakan yi zafi ya daina kamawa. A hawa idonka na kan allurar zafi.

Idan lilo ya fara, galibi a gangara ne ko lokacin da babbar mota ta wuce ka. Jikinka zai ce ka taka birki da ƙarfi, kada ka taka. Wasu za su ce maka ka ƙara wuta ta miƙe, ƙaramar mota ba ta da wannan ƙarfin, kuma gudu ne ya haifar da lilon tun farko. Riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta hagu da dama, ɗage ƙafa daga totur a hankali, bar gudun ya sauka da kansa. Mai birkin lantarki zai iya matsa na tirelar kaɗai da hannu. Da ta lafa, nemi wuri ka tsaya ka sake duba lodi da iskar taya.

Ko babu abin da ya faru, ka tsaya bayan kilomita 30 zuwa 50 na farko. Kai hannu kusa da cibiyar kowace tayar tirela: ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alama ce birki na kamawa ko boris ya bushe. Gwada notunan taya da sifana, musamman idan an kwance tayar kwanan nan. Duba bakin ƙugiya da wayar birki da soket, sannan ka buɗe ƙofa ka ga ko kaya sun gusa daga inda ka ɗaure su.